Doki a Ido, Ɓauna a Kunne

Duk watan Afrilu akan jera wasu manyan motoci marasa taga a bayan rumfunan 'yan kallo na filin sukuwa na Aintree, a gefen birnin Liverpool na Ingila. Wayoyi masu kauri sukan fito daga cikinsu kamar saiwar gamji, su bi ƙasa su watsu cikin fili. A ɗaya daga cikin motocin akwai ɗan ɗaki mai sanyi wanda aka toshe bangonsa don kada ƙarar waje ta shigo. Nan ne mazaunin mai haɗa sauti. Gabansa tebur ne cike da maɓallan ja, kowanne yana riƙe da makirufo guda da aka dasa a wani wuri a filin, samansa kuma ƙananan allunan talabijin. Ranar tseren Grand National dawaki fiye da 30 za su yi gudun kusan kilomita 7, su tsallake shinge sau 30, dubban mutane su yi ta ihu har muryoyinsu su dishe. Shi kuwa ba zai ga doki ko ɗaya da ƙwayar idonsa ba. Amma duk abin da miliyoyin masu kallo za su ji a gidajensu, ta ƙarƙashin yatsunsa zai bi.

Ba wanda ya san sunansa, kuma haka aikin yake so: ranar da aka tuna da shi, to wani abu ya lalace. Sai dai wannan mutum da ba a gani yana ɗauke da wata tsohuwar tambaya wadda malaman hadisi suka shafe ƙarnoni suna tattaunawa a kanta. Wanda ya kawo maka labarin abin da ba ka halarta ba, me ya halatta ya ƙara, me ya halatta ya rage, kuma me ya wajaba ya sanar da kai?

Kafin a yanke masa hukunci, ya kamata a san wahalar da yake ciki. Filin ƙwallon ƙafa kusan mita 105 ne a tsawo, makirufo goma sha wani abu sun isa su kewaye shi. Zagaye guda na filin Aintree kuwa ya haura kilomita 3. Dokin tsere yakan kai gudun kilomita 60 a awa, wato kafin ka ƙirga biyu ya zo kan makirufo ya wuce. Kyamara tana iya jawo doki daga can ƙarshen fili ta cika allo da shi, har a ga kumfar bakinsa, amma sauti ba ya jawuwa haka. Tafiyarsa a iska kusan mita 343 ce a daƙiƙa. Idan doki yana nisan mita 700 daga inda makirufo yake, bugun kofatonsa zai iso bayan daƙiƙa biyu, in ma ya iso, alhali dokin ya riga ya ƙara gaba da fiye da mita 30. Motar da ke bin dawaki da kyamara tana kusa da su, amma injinta ya fi su ƙara. Jirgi mai saukar ungulu yana sama yana nasa. Ga iskar Ingila da ba ta gajiya, ga ciyawa jiƙaƙƙiya da ke shanye bugun kofato kamar an taka katifa.

Don haka ake bin dabaru. Akan cusa ƙananan makirufo cikin rassan da aka yi shinge da su, don a ji karyewar reshe da saukar doki. A tseren da ba tsallake, akan maƙala su jikin ƙofofin tashi, inda ake jin ƙarfe ya buɗe lokaci guda. Akan rataya wasu a saman rumfa saboda hayaniyar jama'a, a sanya musu rigar gashi saboda iska. Mai sharhi yana da nasa na musamman, wanda yake dannawa a leɓensa na sama don kada ihun da ke kewaye da shi ya shiga. Injiniyoyin BBC ne suka tsara irinsa tun shekarun 1950, kuma har yau ana amfani da shi. Da zarar an tashi, mai haɗa sauti sai ya bi dawaki da yatsa: ya ɗaga wannan maɓalli, ya sauke wancan, daidai lokacin da darakta ya sauya hoto, kuma kada ya bari komai ya danne muryar mai sharhi. Kimanin minti 9 ne, ba damar a ce a sake.

Duk da haka, tsakanin shinge da shinge akwai dogon fili da babu makirufo. Me mai kallo yake ji a nan?

A 2011 gidan rediyon BBC ya watsa wani shiri mai suna The Sound of Sport, wanda Peregrine Andrews ya shirya, kuma Dennis Baxter, Ba'amurken da ya daɗe yana tsara sautin gasar Olamfik, ya gabatar. A cikinsa ne masu sana'ar suka faɗi abin da suka daɗe da sani a tsakaninsu. Rugugin kofato da masu kallon sukuwa suka yi shekaru suna ji a talabijin, a lokuta da dama ba na dawakin da ke allo ba ne. Ba ma na dawaki ba ne. Sautin garken ɓauna ne a guje, aka naɗa, aka rage masa sauri, aka haɗe bakin zaren kaset ɗin biyu don ya yi ta zagayawa ba ƙarshe. Dawaki na tasowa sai a ɗaga shi, suna nisa sai a sauke.

Baxter bai ɓoye nasa ba. A gasar Atlanta ta 1996 ya ga cewa a tseren kwale-kwale ba abin da makirufo ke kamawa sai jiragen ruwa masu inji da ke bin 'yan wasa da jirgin sama da ke kansu. Sai ya fita tun da wuri ya naɗi sautin matuƙi yana shiga ruwa a wuri shiru, ya zuba a na'ura, ranar gasa aka riƙa danna shi daidai da hoto. A Amurka kuma, a 2000, masu sha'awar tsuntsaye suka lura cewa kukan da ake ji a gasar golf da gidan talabijin na CBS ke nunawa na tsuntsayen da ba sa zama a yankin ne. Gidan ya amsa cewa naɗaɗɗen kuka ne yake sakawa.

Masu sana'ar suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar hawan Daushe, lokacin da mahaya suka taso a guje don yin jahi a gaban Sarkin Kano, ya san cewa ba da kunne kaɗai ake jin sukuwa ba. Ta tafin ƙafa take shiga, ta hau har ƙirji. In ya ɗauka da wayarsa ya koma gida ya kunna, sai ya ji wani ɗan ƙas-ƙas kamar ana tankaɗe. Wanne ne gaskiya, abin da jikinsa ya ji ko abin da waya ta kama? Kunnen ɗan Adam ma mai haɗa sauti ne: a tsakiyar kasuwa yakan tsamo muryar mai kiran sunansa ya watsar da sauran. Makirufo ba shi da wannan baiwa, duk abin da ya fi kusa ko ya fi ƙara shi yake kwasa. Saboda haka abin da ya fito daga makirufo ba tare da an taɓa shi ba, ba shi ne abin da mutum zai ji a wurin ba. Mai haɗa sauti zai ce shi bai ƙara komai ba, abin da na'ura ta zubar ne ya mayar.

Irin wannan gardama ta taɓa tashi a kan dokin tsere ɗin nan, amma ta fuskar ido. A 1821 mai zanen Faransa Géricault ya zana tseren Epsom, dawaki a miƙe a iska, ƙafafun gaba sun yi gaba, na baya sun yi baya. Haka kowa yake zana sukuwa a lokacin. A 1878, a Palo Alto ta Kaliforniya, Eadweard Muybridge ya jera kyamarori ya ɗauki doki a guje, sai ga shi ba doki da ke yin haka: lokacin da ƙafafu huɗu suka bar ƙasa, a tattare suke ƙarƙashin ciki. Masassaƙin nan Rodin ya tsaya bayan masu zane. A ganinsa hoto ne ya kauce wa gaskiya, domin ya tsayar da lokaci, alhali lokaci ba ya tsayawa, shi kuwa mai zane motsin ya nuna. Maganar tana da nauyi. Amma akwai abin da ya raba Géricault da mutumin da ke cikin mota a Aintree. Duk wanda ya tsaya gaban zane ya san hannu ne ya yi shi.

A nan ne ilimin hadisi yake da abin cewa, domin da wuya a sami wasu masana da suka tsananta binciken kalmar "na ji" kamar ma'abotansa. Ba ana daidaita darajar hadisi da ta sukuwa ba ne. Ma'aunin da suka ƙera ne yake da amfani ga duk mai isar da abu.

Da farko sun tattauna ruwaya da ma'ana: shin mai ruwaya zai iya faɗin abin da ya ji da wasu kalmomi? Ibn Sirin yana cikin masu dagewa kan lafazi kamar yadda ya zo, Hasanul Basri yana cikin masu sauƙaƙawa, kuma mafi yawan malamai sun halatta ga wanda ya san harshen sosai, ya san abin da ke canza ma'ana da wanda ba ya canzawa. Mafi yawan aikin mai haɗa sauti a nan ya faɗa. Ya kusantar da shinge, ya danne iska, ya rage ƙarar jirgi, ya jinkirta wani sauti don ya dace da hoto. Duk abin da ya fitar, daga filin ya zo, a ranar, daga dawakin. Ya san harshen, ya isar da ma'ana. Ba laifi a nan, har ma gwaninta ce da ta cancanci yabo.

Na biyu shi ne idraji, wato mai ruwaya ya cusa maganarsa cikin matanin hadisi ba tare da ya raba ba. Misalin da ɗalibai suka sani shi ne na alwala: Abu Huraira ya umarci mutane su cika alwala, sannan ya kawo gargaɗin Annabi (SAW) game da dugadugan da ruwa bai taɓa ba, sai wasu masu ruwaya suka haɗe maganganun biyu kamar duk na Annabi ne. Abin lura shi ne, maganar da aka cusa gaskiya ce, alheri ce, ta dace da shari'a, kuma ta fito daga bakin sahabi. Duk da haka malamai ba su bari ba. Khaɗibul Bagdadi ya rubuta littafi sukutum don ware irin waɗannan. Abin da ya dame su ba wai ko maganar ta dace ba ne, a'a, ta wa ce.

Na uku ya fi kusa da ɓaunar nan. Tadlisi shi ne mai ruwaya ya kawo daga malamin da ya haɗu da shi abin da bai ji daga bakinsa ba, ta hanyar amfani da lafazi mai harshen damo. Ba zai ce ya ji ba, domin wannan ƙarya ce tsagwaronta. Zai ce "daga wane", ya bar mai sauraro ya cike sauran da zatonsa. A kasuwa kalmar tana nufin ɓoye aibin haja. Shu'uba bin Hajjaj, wanda ya rasu a shekara ta 160 bayan Hijira, ya ƙi abin ƙwarai, ya ɗauke shi ɗan'uwan ƙarya. Amma ba a mayar da kowane mai tadlisi maƙaryaci ba. Ibn Hajar ya kasa su hawa biyar, kuma a hawan sama akwai manyan limamai irin su Sufyan bin Uyaina, wanda aka karɓi ruwayarsa domin an san ba ya tsallake kowa sai amintacce. Ga waɗanda ke ƙasa, ƙa'idar ita ce ba a karɓa sai sun fito fili sun ce sun ji.

To, a kusurwar allon talabijin akwai rubutu mai cewa kai tsaye ake nunawa. Hoton gaskiya ne, dawakin su ne, lokacin shi ne. Ba wanda ya taɓa fitowa ya ce wa mai kallo wannan rugugi na kofaton dawakin nan ne. An dai ɗora shi a ƙarƙashin hotonsu, aka bar kunne ya ƙulla. Marubucin wannan maƙala bai ga sunan da ya fi dacewa da wannan ba face tadlisi. Ba ƙirƙirar ƙarya ba ce, kuma mai yinsa ba mugu ba ne. Galibi ma son aikin ne ya kai shi. Yana iya zama a hawan sama na Ibn Hajar. Amma yana cikin jerin.

Wani zai ce ai a fim ma haka ake yi. Haka ne. Naushin da ake ji a finafinan Kannywood ba naushi ba ne, kuma a wasan kwaikwayon rediyo ɓawon kwakwa biyu ake bugawa a ce doki ya taho. Ba wanda aka cuta, domin kowa ya shigo da sanin cewa wasa ne. Yarjejeniya ce a fili. Shirin kai tsaye kuwa da wata yarjejeniya ya zo, ita ce ta shaida: ga abin da ke faruwa, mun zama idonka da kunnenka. Alƙur'ani a Suratul Isra'i ya hana mutum bin abin da ba shi da ilimi a kai, ya kuma ambaci ji da gani da zuciya a matsayin abubuwan da za a yi tambaya a kansu. Idan mai ji za a tambaye shi, wanda ya ari kunnensa ya zuba masa abin da ya ga dama ba zai fita fes ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wajen masu sana'ar ita ce ba a taɓa yanke hukuncin tsere da sauti ba. Wanda ya ci, kyamarar layin ƙarshe ce ke nunawa. Sauti ado ne, in ji su, kamar kayan doki. Wannan gaskiya ne game da wanda ya zo na ɗaya. Amma akwai wasu hukunce-hukunce da jama'a ke yankewa a kan sukuwa, kuma da kunne suke yanke su.

Ga bulala. Tun 2023 dokar tsere a Birtaniya ta ƙayyade wa mahayi bugu 6 a tseren fili, 7 a na tsallake. Bulalar da ake amfani da ita mai soso ce a baki, tana da ƙara sosai. Idan mai haɗa sauti ya ɗaga makirufon da ke kusa da layin ƙarshe, mai kallo zai ji tas-tas-tas ya ce ana azabtar da dabba. Idan ya nutsar da ita cikin ihun jama'a, mai kallo zai manta ma akwai ta. Ra'ayin jama'a kuwa yana cikin abin da ke tura hukumar tsere ta sauya doka. Ɗan motsin yatsa a ɗaki mai sanyi yana da hannu a yawan bugun da doki zai sha baɗi.

Ga kuma faɗuwa, wadda ita ce ta fi nauyi. A Grand National ta 2011 dawaki 40 suka tashi, 19 suka kai ƙarshe, biyu suka mutu a fili. A zagaye na biyu aka kauce wa shinge biyu, kyamarar sama ta nuna doki a kwance an rufe shi da tamfol, kuma BBC ta sha suka a kan yadda aka bi da lamarin a sharhi. A irin wannan lokaci makirufon da ke cikin shinge yana jin abin da ba kowa zai iya ɗauka ba: faɗuwar dabba mai nauyin kusan kilo 500, da nishin mahayin da ya karye. Mai haɗa sauti yana da ƙasa da daƙiƙa guda ya yanke shawara. Idan ya sauke maɓallin, ya yi daidai. Matar mahayin tana iya kasancewa a gaban talabijin, akwai yara, kuma mutumin da ke cikin azaba yana da haƙƙin a suturta shi. Shiru a nan ba ƙarya ba ne, shi ma labari ne. Mai kallo yakan ji cewa wani abu ya ragu.

Amma a ɗauka kaset ne ke zagayawa. Kaset bai san an faɗi ba. Da rugugin da ya fara da shi zai ƙare, ko dawaki 40 ne ko 19. Bai san doki ya gaji ba, bai san ƙasa ta yi laushi a wancan lungu ba, bai san ɗaya ya fara ɗingishi ba. Abin da yake gaya wa kunne a kowane lokaci shi ne ƙarfi yana nan, komai lafiya, a ci gaba. Wannan ne ainihin ɓoye aibin haja, kuma a nan adon ya daina zama ado.

Ba za a rufe ido ga wanda ke amfana da wannan zumuɗi ba. Tseren dawaki a kansa ba abin zargi ba ne. Ya tabbata a Bukhari cewa Annabi (SAW) ya sa an yi tsere a Madina, horarrun dawaki daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma tazara mafi gajarta. Amma a Birtaniya sukuwa da caca a ɗaure suke da igiya ɗaya. Tun 1961 akwai harajin da ake karɓa daga kamfanonin caca a zuba wa harkar tsere, kuma tun 2017 kashi 10 cikin 100 ne na ribar da suka samu a kan dawaki. Tallarsu ce ke kewaye shirin. Sautin da ke sa zuciya bugawa, yana kuma sa hannu ya kai ga waya. Musulmin da ya sami kansa a wannan kujera yana da tambaya ta biyu da zai kai wa malamai, kuma amsarta a Aintree ba lalle ta zama ɗaya da ta filin Meydan na Dubai ko na Riyad ba, inda ba a yin caca a filin. Wannan bahasi ne mai zaman kansa. An taɓo shi ne domin a san cewa zumuɗin da ake ƙarawa haja ce, akwai mai sayenta.

Mece ce mafita? Labarin mai sayar da hatsi a Sahihu Muslim ya nuna ta. Annabi (SAW) ya wuce tsibin abinci a kasuwa, ya cusa hannu, ya ji danshi a ciki, mai shi ya ce ruwan sama ne ya taɓa. Ba a umarce shi ya zubar ba, ba a hana shi sayarwa ba. An tambaye shi ne me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan aka yi gargaɗi mai tsanani a kan ha'inci. Laifin ba danshin ba ne, inda aka ajiye shi ne.

Kuma an taɓa gwada ɗora shi a sama. Da aka dawo gasar Firimiya ranar 17 ga Yunin 2020, filaye wayam saboda korona, gidajen talabijin na Ingila sun saka ihun 'yan kallo da aka samo daga kamfanin wasan kwamfuta na EA Sports. Amma sun faɗa, kuma sun ba mai kallo zaɓi: ga tasha mai ihun na'ura, ga mai sautin filin yadda yake. Wasu suka zaɓi wannan, wasu wancan. Na'ura ɗaya ce, dabara ɗaya ce da ta ɓauna, sai dai babu wanda aka bari da zato. Mai ruwaya ya ce wannan na ji, wannan kuma nawa ne.

Akwai wani abu da kaset ba zai taɓa bayarwa ba, ko an sanar ko ba a sanar ba. Suratul Adiyat, a fassarar da ta fi shahara, ta buɗe ne da rantsuwa da dawaki a guje, kuma siffar farko da aka ba su ba ta ido ba ce. Haki ne, sautin numfashi a ƙirji. Sai bayansa tartsatsin kofato ya zo, sai ƙura. Masu nazarin jikin dabba sun gano cewa doki ta hanci kaɗai yake numfashi, kuma in yana sukuwa numfashinsa a ɗaure yake da takunsa, kowane tsalle shaƙa ɗaya da fitarwa ɗaya, fiye da sau 120 a minti. Shi ya sa masu horar da dawaki suke tsayawa a gefen fili da sassafe suna kasa kunne: daga numfashi suke gane wanda ya ƙoshi da horo da wanda maƙogwaronsa ke da matsala. Rugugi yana nuna ƙarfin garke. Haki yana nuna abin da gudun ya ci wa dabba ɗaya mai rai. Duk mai haɗa sautin da ya sha wahalar dasa makirufo har ya kamo wannan, ko na daƙiƙa uku ne, ya kawo wa mai kallo abin da ya fi minti 9 na ɓauna.

Bayan dakatarwar korona, sukuwa ta dawo a Ingila ranar 1 ga Yunin 2020 a Newcastle, ba ɗan kallo ko ɗaya. Ranar 10 ga Afrilun 2021 Rachael Blackmore ta ci Grand National a kan doki mai suna Minella Times, mace ta farko da ta taɓa yin haka, a gaban rumfunan da kusan ba kowa. A wannan ranar maɓallan da ke riƙe da makirufon jama'a ba su da abin ɗagawa sosai. Abin da ya rage a filin shi ne rassan shinge suna karyewa, mahaya suna yi wa juna tsawa a kan hanya, kofato a kan ciyawa, da numfashin dawakin da suka yi kusan kilomita 7. A 2022 jama'a suka dawo Aintree, ihu ya sake rufe mita ɗari biyun ƙarshe, mutumin da ke cikin mota ya koma ga tsohon lissafinsa na wanda zai ɗaga da wanda zai sauke.